Gonar da Ɗanliti Ya Mayar

A Gidan Nababa, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Bici da Dawakin Tofa, in ana maganar tsoron Allah da Ɗanliti ake awo. Sai ka ji an ce wane ya kusa Ɗanliti, wane kuwa ko ƙafarsa bai kama ba. Amma kada ka ɗauka yabo ne zalla. Wasu da girmamawa suke faɗa, wasu kuwa suna faɗa suna taɓe baki, don kowa ya san wannan tsoron Allah nasa ne ya shiga tsakaninsa da Filibus, ɗansa namiji tilo.

Ranar Litinin aka haife shi, daga nan ya samo sunan. Ubansa Nababa, wanda ƙauyen ya ci sunansa, Bamaguje ne na asali, mai tsafi a ƙofar gida da tulun giya a bayan ɗaki, manomin da ba a kama kunya tare da shi a gama tare. 'Ya'yansa maza bakwai, Ɗanliti ne na biyar, shi ne kuma ya fara zama mai bi, wato Kirista. Wani mai bishara ne ya zo a kan keke, ya jingine shi a gindin tsamiya, ya yi wa samari wa'azi har inuwa ta juya. Ya yi maganar Almasihu da gicciye da gafara. Ya kuma yi maganar ranar da kowane mutum zai tsaya shi kaɗai a gaban Mai Shari'a, ba uwa ba uba, a tono duk abin da ya binne. Sauran samarin suka tashi suna dariyar hular mutumin. Ɗanliti ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Kada a yi masa mummunar fahimta, ba irin tsoron da ɓarawo yake yi wa ɗan sanda ba ne. Ya yarda an yafe masa, a kan wannan ma ya yi kuka ranar da aka yi masa baftisma. Abin da yake cewa shi ne, wanda aka fanshe shi da jini ba zai zauna yana wasa da abin da ya jawo zubar jinin ba. To, haka ya yi rayuwarsa. In yana huɗa ya iso iyaka, gara ya bar wa ciyawa taku guda da ya gutsiri gambar da ta raba shi da maƙwabci. In akuyarsa ta ɓalle ta ci waken wani, shi zai je ya kai ƙarar kansa tun mai waken bai gani ba. In ya ɗaga wa matarsa Rahila murya da safe, kafin rana ta take sai ga shi ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa, wai ya zo ba da haƙuri, har ta gaji ta ce masa ya riƙa tarawa sai yamma ya kawo gaba ɗaya. Komai ka ce masa ba wanda zai sani, amsarsa ɗaya ce: "Za a tambaya." Har samarin ƙauyen suka laƙaba masa Baba Za-a-tambaya, yana ji yana murmushi.

Mutumin da yake haka, wa zai ce akwai abin da ya binne? Akwai kuwa, kuma ba ƙarami ba.

Shekarar babban farin nan da tsofaffi har yau ba sa son tunawa, Ɗanliti yana ɗan shekara goma sha bakwai. Gonakin Nababa suka ƙone ƙurmus, ga bakuna da yawa a gida. Da damina ta sake gabatowa, tsohon ya ga in bai ƙara fili ba yunwa za ta sake kwana da su. Ya ce wa Ɗanliti ya raka shi wajen Malam Uzairu, wani Musulmi a unguwar da ke gabas da su, wanda ƙasa ta fi ƙarfin hannunsa don 'ya'yansa ƙanana ne. Suka zauna a zaure, Hure matar Uzairu tana daka a bayan zana tana jinsu. Uzairu bai ja magana ba. Ya ce akwai gonarsa ta bakin burtali, mai babbar ɗorawa a tsakiya. "Ka noma, kai da 'ya'yanka, har ranar da zan nema. Amma itace nawa ne." Ba takarda, ba mai unguwa. Suka yi musabaha aka tashi.

A ƙasar nan haka aron gona yake. Mai aro ya ci abin da ya shuka, amma ba ya taɓa 'ya'yan itacen da ya tarar, ba ya kuma dasa sabo. Itace shi ne takardar gona. Duk bazarar da ɗorawa ta nuna, mai aro zai sa ƙugiya ya kaɗo ta, ya ɗaure, ya kai gidan mai gona, wannan kaiwar ce take tuna wa kowa ƙasar ta wace gida ce. Ranar da mai aro ya haƙa rami ya dasa bishiya kuwa, ya ce gonar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Nababa ya mutu, 'ya'ya bakwai suka raba abin da ya bari. Rabon Ɗanliti, mutum ɗaya zai nome shi kafin hantsi ya dubi ludayi. 'Yan'uwansa suka bar masa gonar aro, don ba mai son wahalar kai ɗorawa. Uzairu ma ya mutu bai taɓa neman gonarsa ba. Shekara talatin da biyar Ɗanliti yana ɗora wa jaki ɗorawa yana kai wa Hure, bai taɓa fashi ba. Da ta hango shi sai ta ce, "Ga Bamagujena nan da kayan miya." Ta dama masa fura, ta ƙulla wa Rahila 'yar daddawar bara a tsumma. 'Ya'yanta maza suka koma Ɗambatta fataucin hatsi, suka kuma riga ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masu ganinsa da jaki a hanya suka ɗauka taimakon tsohuwa yake yi. A hankali maganar aro ta fita daga kan mutane, ta rage daga shi sai Hure sai Rahila.

Sai Hure ta rasu da kaka. Da bazara ta zo ya kaɗe ɗorawa kamar yadda ya saba, ya kora jaki, ya tarar da ƙofa an garƙame ta da kwaɗo. Maƙwabta suka ce jikokinta suna Ɗambatta, in yana son ganinsu ya je ranar kasuwa, layin 'yan hatsi, ya tambayi Basiru. Kasuwar kuwa ranar Lahadi take ci, shi kuma tun da ya zama mai bi bai taɓa barin sujadar coci don wata tafiya ba. Ya juya da jakinsa, ya ce sai ya samu wata rana. Wannan fa hujjar banza ce, shi ma ya sani. Mako yana da kwana bakwai, motar Ɗambatta kuma ba ranar Lahadi kaɗai take tashi ba. Buhunan suka zauna a rumfa har hadari ya fara haɗuwa. Rahila ta ce, "Malam, abin nan zai ruɓe. Hure ta tafi, yaran nan ba su ma san da zancen ba. Ka bar maganar." Ta wanke kalwa, ta dafa, ta yi daddawa, ta sa a miya. Ya ci tuwon, bai mutu ba. Shekara ta biyu abin ya fi sauƙi, ta uku ko jaki bai ɗaura wa akumari ba.

Filibus ya zo ne bayan 'yan mata huɗu da maza biyu da aka binne suna goye. Ya gama sakandare a Bici, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, ya dawo ya ce noma zai yi. Murnar da Ɗanliti ya yi ba a magana. 'Ya'yan sa'o'insa duk sun gudu birni, shi ga nasa ya dawo da ƙafarsa yana neman fartanya. Ya kama hannunsa ya kai shi bakin burtali ya ce, "Ga gona nan, ka riƙe." A nan ne ya kamata ya ƙara kalma biyu, ya ce aro ce. Kalmomin sun zo har bakinsa. Sai ya dubi fuskar yaron, ya ji tsoro in ya san ba su da ƙasar kirki tasu zai tattara ya bi sauran. Ya haɗiye su.

Gonar ta gaji a lokacin, rairayi ne fari fat, geron da take bayarwa kamar gashin tsoho. Filibus ya faɗa mata da dukkan ƙarfinsa. Da rani, lokacin da sa'o'insa suke kwance a inuwa suna dara, shi yana jujin Bici yana loda taki, da fari a kan jaki, daga baya a amalanke. Ya juye ya tsuguna yana tsince leda da fasasshiyar kwalba da hannu, yatsunsa duk yanka. Ya bi Fulani yana lallashi su sauke shanu a gonar su kwana biyu. Ya haƙa rijiya a kusurwa shi da abokinsa. Shekara da shekaru ƙasar ta juya ta yi baƙi, dawa ta fi tsayin mahayin raƙumi, gyaɗa kuwa sai wanda ya gani. Masu wucewa ta burtali sukan tsaya su yi wa Ɗanliti barka, su ce ya haifi ɗa. Filibus ya yi aure daga amfanin gonar nan, ya haifi 'ya'ya uku suna cin tuwonta.

A damina ta bakwai Ɗanliti ya zo da safe ya tarar da ramuka goma sha biyu a jere, Filibus durƙushe yana cire dashen mangwaro mai aure daga leda. Yaron ya ɗago yana dariya, laka har gwiwar hannu, ya ce, "Baba, jikokinka za su sha har su ba maƙwabta." Ɗorawar da aka ci a miya, yana iya ce wa kansa ajiya ce, wata rana zai biya. Wannan kuwa ƙwace ne a fili, ɗansa ne yake yi da hannu, shi kuma da shirunsa. Ya tsaya har yaron ya binne na farko ya taka da ƙafa. Abin da ya iya fita daga bakinsa shi ne, "Allah ya raya."

Lahadin da ta biyo baya ta Jibin Ubangiji ce, ranar da masu bi suke gutsura gurasa a coci don tunawa da mutuwar Almasihu. Ɗanliti dattijon ikilisiya ne, a bencin gaba yake zama. Da faranti ya iso gabansa ya naɗe hannu, ya sunkuyar da kai, ya bar shi ya wuce. Wata mai zuwa ma haka. Shekara huɗu cur bai taɓa gurasar nan ba. Ƙauye kuwa ba ya rasa masu fassara: wasu suka ce giyar ubansa ya koma a ɓoye, wasu suka ce mace ce. Fasto ya same shi a gida ya ce, "Baba, ko mene ne, alherin Ubangiji ya fi shi girma. Teburin nan don masu zunubi aka shimfiɗa shi."

"Na sani, Fasto," in ji Ɗanliti. "Amma don masu zunubin da suka saki ne. Ni har yanzu ina riƙe da nawa, ina kuma ci daga ciki. In na miƙa hannun nan na karɓa, kaina nake ci wa hukunci."

Fasto ya yi juyin duniya ya faɗa masa ko mene ne, ya ƙi. Ya rame, ya rage magana. Addu'a kuwa kullum yana yi, amma shi da kansa ya ce kamar mai magana ne da bakinsa cike da gari.

Da aka fara maganar sabon titi zai bi ta kusa da su, ƙasa ta yi daraja, kowa ya tashi neman takardar gonarsa a wajen mai unguwa. Filibus ya ce, "Baba, ranar Alhamis za ka raka ni, ka shaida gonar gadon kaka ce, a rubuta." Saura kwana uku. Kowace safiya tsohon yana bin sa gona da niyyar faɗa masa, kowace safiya ya ƙare da zancen ruwan bana da tsadar takin zamani. Rahila ta roƙe shi har da hawaye. "Kalma ɗaya ce fa, Malam. Ka ce i, mu dawo gida. Yaron nan shi kaɗai ne namiji gare mu." Shi kansa bai san abin da zai faɗa ba har suka cire takalma a ƙofar zauren mai unguwa.

Zauren cike yake da masu jiran layi. Mai unguwa ya gyara takarda ya ce, "Baba Ɗanliti, gonar nan ta bakin burtali mai ɗorawa, gadon Nababa ce?"

Shiru a kan ƙarya daban, shaida a kanta daban. Shekara goma sha huɗu ya yi yana na farkon, na biyun kuwa harshensa ya ƙi ɗauka. Ya ce, "Aro ce, ranka ya daɗe. Ta Malam Uzairu ce. Ina wurin aka ara wa babana."

Filibus ya yi 'yar dariya, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa uban. Mai unguwa mutumin kirki ne, ya ajiye alƙalami, ya buɗe masa ƙofar fita. "Baba, ka tuna da kyau. Kusan shekara hamsin fa. Wanda ya ara ya mutu, wanda aka ara wa ya mutu, ba mai ƙara, ba mai nema."

"Wanda ya ji mu ranar bai mutu ba," in ji Ɗanliti.

A waje, gindin dalbejiya, Filibus ya tsaya a gabansa. Bai taɓa ɗaga wa ubansa ido ba sai ranar. "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a haife ka."

"Kana kallona ina tsince kwalba a shara. Kana kallona na shiga rijiya. Ranar da na dasa mangwaro kana tsaye a kaina, ka ce Allah ya raya. Ka ji tsoron Allah a kan Uzairu da ya zama ƙasa. Ni da nake gabanka shekara goma sha ɗaya, ba ka ji tsoron Allah a kaina ba?"

Filibus ya juya ya kama hanyar gida, ya bar shi a gindin dalbejiya.

Aka aika Ɗambatta, Basiru jikan Hure ya zo a babur. Da ya ji labarin ya riƙe baki, ya ce shi bai taɓa sanin suna da ko taku ɗaya a nan ba. Ya zaga gonar, ya ga rijiya, ya ga mangwaro sun tasa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wallahi Baba, da tawa ce ni kaɗai, da na ce ku ci gaba. Amma mu goma sha tara ne magada, shida marayu ne ƙanana. Yanzu da na sani, in na yi shiru ni ma wuta zan ci." Kowa da nasa tsoron, kuma babu wanda za ka ce ya yi laifi. Abin da Basiru ya iya shi ne ya tsaya aka bar Filibus ya girbe amfanin shekarar. Ya kuma kawo masa wani abu a madadin mangwaron da rijiyar, Filibus ya ce ya riƙe kayansa. Da rani ya yi magada suka sayar, mai saye ya zagaye wurin da bulo.

Filibus bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya sayar da amalanke, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, ya durƙusa ya yi wa uwarsa sallama, ya ce wa ubansa, "Mun tafi," ya shiga motar Kano.

Ikilisiya ta rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce Ɗanliti ya ɗaukaka sunan Ubangiji a gaban Musulmi, wasu suka ce ya yanka ɗansa ya yi hadaya da shi. Shi dai Lahadin Jibi ta zo, ya miƙa hannu a karo na farko cikin shekara huɗu. Ya sa gurasar a baki, ta ƙi wucewa. A nan kan benci ya gane abin da ya yi. Ya mayar wa Uzairu haƙƙinsa, gaskiya ne, amma ba da nasa ya biya ba. Da gumin Filibus ya biya, da yankan yatsunsa, da ƙuruciyarsa. Ya sauke kaya ɗaya ashe akwai wanda ya fi shi nauyi a ƙarƙashi.

Washegari ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci, ya hau motar Kano, shi da rabonsa da birni tun ana kuɗin kwabo. Ya yi ta tambaya har ya sami gidan bulon da Filibus yake aiki a bayan gari. Ya hango shi ba riga, fari fat da siminti, yana jera bulo a rana. Tsohon ya ratsa ta cikin leburori, ya zo gabansa, ya zube gwiwa biyu a ƙasa. Masu aiki suka tsaya da shebur a hannu. A ƙasar Hausa ɗa ke durƙusa wa uba, ba a taɓa juya abin ba.

"Na zo roƙon gafara," in ji shi. "Ba don na mayar da gona ba. Wannan ko yau aka sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan. Don na bar ka ka zuba ƙarfinka a ƙasar mutane ina kallo. Tsoro na ji kada ka tafi ka bar ni, sai na ɗaure ka da ƙarya. Na cuce ka, Filibus."

"Baba, don Allah ka tashi, mutane suna kallo." Ya ɗago shi ta kafaɗa, ya karkaɗe masa gwiwa, ya kai shi inuwa, ya sayo masa shinkafa da wake. Ya tambayi jikin Inna, ya tambayi awaki. Da la'asar ya raka shi tasha ya samo masa kujerar gaba. Mota ta cika, direba ya tayar, tsohon ya leƙo ta taga ya ce, "Ka yafe mini?"

Filibus ya ce, "Baba, kai ka koya mana kada mu faɗi abin da ba ya cikin zuciyarmu. In na ce maka i yau, ƙarya na yi. Ka ba ni lokaci."

Ɗanliti ya gyaɗa kai. Ya yi kuka tun daga tasha har Bici, yana rufe fuska da hannun riga, don a duk duniya ba amsar da ta fi wannan yi masa ciwo, ba kuma wadda ta fi nuna masa ɗan nasa ne.

Bai sake tambaya ba. Ya ce gafara ba ƙwace ba ce, ba a kuma tatsarta. Ya koma kan ɗan filinsa na gado yana kartar abin da za su ci shi da Rahila. Filibus yana aiko musu da sabulu da sukari, yana kiran wayar uwarsa duk mako, in ta miƙa wa uban su gaisa: ina kwana, ya jiki, ya ruwa. Tsohon yakan riƙe wayar a kunne bayan an gama gaisuwa, yana jira ko akwai saura, har sai ya ji an kashe. Kirsimeti biyu suka wuce, yaron bai zo ba. In hanya ta bi da Ɗanliti ta bakin burtali, sai ya kau da kai daga kawunan mangwaron da suka fara leƙowa ta saman katanga.

A damina ta biyu, yana tsakar maimai, ya faɗi a kunya. Aka ɗauko shi ɓarin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar. Kwana uku yana kwance. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya tambaye shi ko yana jin tsoro. Ya ce yana ji. "Maganar Uzairu na gama da ita. In aka tambaye ni yaron nan kuwa, Fasto, ba ni da abin cewa. Sai dai in nuna gicciye in yi shiru." Fasto ya ce ai wannan ita ce amsar kowa. Ya ce ya sani, amma da ya so ya isa can da kalmar yaron a kunnensa.

Rahila ta kira Filibus tun ranar farko, ya ce zai nemi izini a wajen aiki. Rana ta huɗu da hantsi numfashin tsohon ya canza, ya riƙa ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Ta sake kira. Yana cikin mota, sun baro Kano, ya ce ta sa masa wayar a kunne. Ta durƙusa ta manna ta a kunnen mijinta. Daga inda take tana jin muryar ɗanta 'yar ƙarama, da ƙarar injin a bayanta. "Baba, ni ne. Ina hanya. Baba, na yafe. Na daɗe da yafewa, bakina ne ya yi nauyi. Kai ma ka yafe mini. Kana ji na?"

Idon tsohon a rabin buɗe yake, kamar yadda yake tun safe. Rahila tana kallon ƙirjinsa tana jiran ya sake ɗagawa. Bai ɗaga ba. Ko ya tsaya kafin yaron ya fara magana, ko a tsakiya, ko bayan ya gama, hawaye sun rufe mata ido, ba ta lura ba.

Filibus ya iso da azahar, ya tarar an rufe uban da farin zane, matan zumuntar coci suna waƙa a tsakar gida ƙasa-ƙasa. Bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban uwarsa, ya kama hannuwanta biyu.

"Inna, ya ji ni?"

Kalma biyu ce kawai za ta faɗa, ya ji, ɗanta ya samu abin da zai rayu da shi. Babu wanda yake ɗakin a lokacin sai ita, babu mai ƙaryata ta. Ta buɗe baki. Sai ta tuna ita ce ta dafa kalwar nan, ita ce ta ce a bar maganar, ita ce ta ce kalma ɗaya ce a ce i a dawo gida, duk don tausayin wannan yaron da yake durƙushe a gabanta. Ta dubi farin zanen, ta dubi ɗanta.

"Ban sani ba, Filibus," in ji ta. "Ban sani ba."